Mazaunin katalis: tabarma ce kawai, ko da shi ake damawa wajen cire farar wuta da naitirojin daga mai?

Ummi_Kemistiri:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani abu ne ya ɗaure mini kai, na kuma san akwai ma'aikatan matata a nan. Ina digiri na biyu kan katalis ɗin da ake wanke man gas da shi, wato wanda ke cire farar wuta da naitirojin ta hanyar haidirojin. Na haɗa nikel da molibdinam awo ɗaya, na ɗora su kan mazauni iri uku: alumina zalla (haɗin aluminiyam da oksijin), alumina mai gaurayen titaniya (haɗin titaniyam da oksijin), sai alumina mai ɗan ziyolait (wani sinadari mai ƙananan ramuka). Zafi ɗaya, matsi ɗaya. Da na gwada da sinadarin farar wuta shi kaɗai, mai ziyolait ɗin ya yi wa sauran fintinkau. Ina ɗiga kwinolin a ciki, wato sinadarin naitirojin, sai ya zube warwas, alumina zallar nan da na raina ta wuce shi. A aji an koya mana cewa mazauni tabarma ce da ake shanya ƙarfe a kai don ya bazu. To in tabarma ce kawai, ina ruwanta da kwinolin?

Baba_Matata:
Wa alaikumus salam 'yata. Wanda ya ce miki tabarma ce bai taɓa kwana a gindin tukunyar wanke mai ba. Ni yadda nake faɗa wa yaran da ake turo mana horo shi ne, katalis dillali ne. Shi ke haɗa haidirojin da farar wuta su ƙulla ciniki, a samu iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta fita, shi kuma yana nan zaune bai ragu ba. Mazauni kuwa rumfar dillalin ce. Rumfa in ƙofarta ta yi ƙunci, mai babban kaya ba zai shiga ba. In ta cika daɗin zama, 'yan zaman kashe wando su cika bencin, mai ciniki ya rasa wurin tsayawa. Kwinolin ɗinki shi ne ɗan zaman kashe wandon. Ziyolait yana da asid mai ƙarfi, kwinolin kuma kishiyar asid ne, suna haɗuwa sai ya manne ya ƙi tashi.

Sarkin_Musu:
Baba misalin ya yi daɗi, amma ni ban yarda ba. Aikin nan, ƙarfe ne ke yinsa. In da mazauni na da wannan muhimmancin, da ba a yi katalis marar mazauni ba. Tun wajen 2001 aka fito da wani katalis mai suna NEBULA, nikel da molibdinam da tangistin ne kusan zalla, kuma ya fi na kan alumina ƙarfi nesa ba kusa ba. Ashe ke nan rumfar ma ba dole ba ce.

Baba_Matata:
Sarki, ka tambayi kuɗinsa tukuna. Tukunya guda tana cin tan ɗaruruwa. Shi ya sa ma masu amfani da shi galibi wani sashe na tukunyar suke cikawa da shi, sauran su zuba na alumina. Ga shi da shan haidirojin kamar raƙumi ya samu rijiya.

Malam_Kwalba:
Bari in shiga tsakani, don tambayar Ummi ta fi wannan zurfi. Da farko mu san abin da ke aikin. Katalis ɗin da kika haɗa, a yadda ya fito daga tanda, bai iya komai ba tukuna. Sai an ciyar da shi farar wuta, molibdinam ɗin ya haɗu da ita ya koma MoS2, wasu ƙananan faya-fayai masu faɗin nanomita uku zuwa biyar (nanomita miliyan ne ke yin milimita ɗaya), wani lokaci ɗaya tilo, wani lokaci biyu ko uku a jere kamar an ɗora waina kan waina. Saman faifan kusan bai da amfani. A gefe ake ciniki, kuma a gefen nan ne kobal ko nikel ke zama. Masu bincike na kamfanin Haldor Topsoe a Denmak ne suka tabbatar da haka a farkon shekarun 1980, daga baya kuma, wajen shekarar 2000, su da jami'ar Aarhus suka ɗauki hoton faya-fayan ƙwayar zarra bayan ƙwayar zarra.

To ga inda mazauni ya shigo. Alumina tana riƙe molibdinam da ƙarfi, ta hanyar gadar iskar oksijin tsakanin aluminiyam da molibdinam. Riƙon nan yana da alheri, don shi ke sa ƙarfen ya bazu ƙanana-ƙanana, gefe ya yi yawa, kuma ba ya barin su dunƙule in an yi shekara biyu ko uku ana gasa su a zafin digiri 350. Amma yana da sharri: faifan da aka ɗaure wa ƙafa ba ya gama karɓar farar wuta, aikinsa sai ya yi rauni. Shi ake kira nau'i na ɗaya. Wanda riƙon ya yi masa sassauci, ya karɓi farar wuta sosai, shi ne nau'i na biyu, kuma ya fi kuzari ƙwarai. Kusan duk dabarun da kamfanoni suka yi a shekaru talatin ɗin nan, zuba fosfaras, zuba boron, haɗa ƙarfen da asid ɗin lemon tsami kafin a ɗora, rage zafin gashi, duk neman abu ɗaya ake: a sassauta riƙon ba tare da an saki ƙarfen ya dunƙule ba.

Saboda haka Ummi, ƙarfenki awo ɗaya ne a ma'auni, amma ba katalis ɗaya ba ne a cikin tukunya. Mazauni ne ya yanke tsawon faifan, da yawan hawansa, da inda nikel ɗin ya sauka.

Hajiyar_Lab:
Malam ya taɓo mini tsohon miki. Lokacin da nake nawa binciken na haɗa na kobal, na sa a tanda da yamma a kan digiri 500. Aka ɗauke wuta, aka dawo da ita cikin dare, na'urar daidaita zafin ta rikice ta haura abinta. Da safe na buɗe na ga garin ya yi wani shuɗi mai kyau kamar an fito da shi daga marina. Har hoto na ɗauka ina murna. Ashe kobal ɗin ne ya nutse cikin aluminar, ya zama wani sinadari daban da ba ya fitowa gefen faifai ko an yi masa me. Wata guda na aiki ya tafi a banza. Tun ranar na daina cewa alumina 'yar kallo ce. Mai cin ƙarfe ce in ta samu zafi.

Ummi, a nawa kika gasa naki? Kuma duk ukun lokaci ɗaya kika gasa?

Ummi_Kemistiri:
Anti, a 450 ne, awa huɗu, duk a tanda ɗaya. Na gode Malam, yanzu na fahimci rabin farko. Amma me ya sa mai ziyolait ya yi fice tun farko? Sinadarin farar wutar da na gwada da shi daibenzotayofin ne mai metil biyu, wanda muke kira 4,6 a taƙaice.

Malam_Kwalba:
Yawwa, da kin faɗi wannan tun farko. Wannan sinadarin shi ne ƙashin wuyan masu tace man gas. Zobe uku ne a jere, farar wutar tana tsakiya, sai metil biyu, wato ƙananan rassan kabon da haidirojin, suka tsaya mata dama da hagu kamar dogarai. Hanya biyu ce ake cire farar wuta. Ko dai ƙwayar ta durƙusa da kanta a gefen faifai a fizge farar wutar kai tsaye, wannan ita ce hanyar da kobal ya fi ƙwarewa a kai kuma ba ta cin haidirojin da yawa, ko kuma a fara cika zobe ɗaya da haidirojin, ƙwayar ta lanƙwashe, dogarin ya kauce, sannan a cire. Ta biyun nikel ya fi iyawa, kuma tana son matsi mai yawa. Dogaran nan biyu sun toshe hanya ta farko kusan gaba ɗaya.

Abin da asid ɗin ziyolait ke yi shi ne ya tura metil ɗin daga mazauninsa zuwa wani gurbi a jikin zoben. Dogari ya matsa, ƙofa ta buɗe. Shi ya sa kika ga abin mamaki. Amma a ruwan gwaji mai tsabta ne. Man gas na gaskiya yana tafe da sinadaran naitirojin irin su kwinolin da akiridin da kabazol, su kuma su ne ke fara isa wurin asid ɗin.

MaiGyaranJanareta:
Ku gafarce ni malamai, ni bakanike ne, rabin maganar nan ta wuce kaina. Tambayata ɗaya. Wai ita farar wutar nan, ita ce dai wadda ake sayarwa a kasuwa ana haɗawa da man shafawa don ƙaiƙayi da kyasbi? Kuma in ita ce, mene ne laifinta a cikin gas?

Baba_Matata:
Ita ce dai, ɗana. A matata bayan an cire ta a matsayin iska, akwai sashen da ke mayar da ita gari rawaya, tsibi-tsibi. Laifinta kuwa kai ka fi mu gani. In ta ƙone takan zama hayaƙin da in ya haɗu da danshi ya koma asid, ya ci salansa, ya lalata baƙin mai da wuri, ya kuma shiga ƙirjin mutane. Motocin zamani masu matatar hayaƙi kuwa kashe musu ita take yi.

Tanka_Mariri:
To amma mu direbobi mun san gas ɗin da ya fi wari ya fi santsi a famfo. Wanda aka wanke tas ɗin nan kamar ruwa yake, yana cin nozul.

Sarkin_Musu:
Camfi ne wannan.

Bakatsine_a_Jubail:
Ba camfi ba ne Sarki, direba ya fi ka gaskiya a nan, sai dai ba farar wutar ce ke kawo santsin ba. Wankin da ke cire ta yana tafiya da wasu sinadarai masu oksijin da naitirojin waɗanda su ne ke shafe ƙarfen famfo. Suwidin ta gamu da wannan a farkon shekarun 1990 da ta fara sayar da gas mai tsabta sosai, famfunan motoci suka riƙa lalacewa. Maganin shi ne ɗan sinadarin santsi da ake ɗigawa kafin mai ya bar matata. In ka samu wanda ke cin nozul, wani ne bai zuba ba ko ya yi algus a hanya.

In dawo kan Ummi. Ƙanwata, abin da kika gani a kwalba mu kullum shi muke gani a allon kula da tukunya. Ranar da aka ƙara mana man da ya fito daga sashen fasa mai nauyi, wanda naitirojin ɗinsa ke da yawa, farar wutar da ke fita a ƙasa sai ta tashi, alhali wadda ta shiga ba ta ƙaru ba. Dole mu ƙara zafi. Kowane digiri da muka ƙara kuma kwanakin katalis muke ci, don ƙanzo, wato baƙin kabon da ke taruwa, na ƙaruwa a kansa. Dalili shi ne naitirojin ba ya fita ta gajeriyar hanya. Sai an cika zobensa da haidirojin kafin igiyar da ke tsakaninsa da kabon ta tsinke ya fita a matsayin amoniya. Wato wurin zama ɗaya suke nema da 4,6 ɗinki, kuma shi ya fi ƙarfin manne wa. Kafin ka sauko da farar wuta zuwa kashi 10 cikin miliyan, sai ka kusan share naitirojin tukuna.

Ummi_Kemistiri:
Yaya, ke nan asid ɗin mazauni illa ce ga cire naitirojin? Don na karanta akasin haka, wai fosfaras da boron suna taimaka masa.

Bakatsine_a_Jubail:
Duka biyun gaskiya ne, gishiri ne a miya. Asid matsakaici yana janye ɗan lantarki daga faifan da ke zaune a kansa, sai faifan ya ƙara kuzarin cika zobe da haidirojin, kuma yana taimakawa wajen tsinke igiyar naitirojin. Shi ya sa katalis ɗin nikel da ake sa wa a gaban sashen fasa mai da haidirojin kusan duk za ki samu da fosfaras a ciki. Asid mai ƙarfi irin na ziyolait kuwa riƙewa yake ya ƙi saki, abin da ya riƙe ya daɗe a wurin ya zama ƙanzo, sannan yana farfasa man gas ɗin ya koma nafta, wato ɗanyen fetur, da iska, wanda asara ce ga mai son gas. A matata ba ma barin ziyolait ya ga ɗanyen naitirojin. Gado-gado ake jerawa: na sama ya tare datti da ƙarafa, na tsakiya ya kashe naitirojin, sannan mai asid ya karɓa a ƙasa.

Hajiyar_Lab:
Ba wanda ya ce komai kan titaniyarta. Ni a nan nake ganin abin sha'awar yake. Molibdinam kan titaniya zalla yakan ninka na kan alumina sau uku zuwa biyar in aka ƙirga aikin kowace ƙwayar ƙarfe. Matsalarta fili. Giram ɗaya na alumina mai kyau, in aka baje ramukan cikinsa, yana kai murabba'in mita 200 zuwa 300, kusan rabin fuloti ke nan a cikin abin da bai cika cokalin shayi ba. Titaniyar da aka saba samu wajen 50 take. Ga shi in ta sha zafi tsarin ƙwayoyinta na sauyawa filin ya ƙara raguwa. Kuma wani abin haushi, in ka ƙara mata kobal ko nikel ba ta yin tsallen da alumina ke yi. Shi ya sa ake shafa ta a kan alumina, a ci moriyar filin wannan da halin waccan.

Baba_Matata:
Hajiya kin tuna mini. Kamfanin Chiyoda na Japan, wanda ya gina matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, yana cikin waɗanda suka daɗe suna bin wannan hanyar ta shafa titaniya kan alumina, kuma abin da suke tallatawa a kai shi ne juriyar naitirojin. Ummi, duba bayananki da kyau, ina zargin na titaniyar ne ya fi riƙe ƙarfinsa bayan kin zuba kwinolin, ko da bai zo na ɗaya ba.

Ummi_Kemistiri:
Baba wallahi haka ne! Na koma na duba littafin. Shi ne wanda ya fi ƙarancin faɗuwa. Hankalina duk ya tafi kan wanda ya zube.

DanDamagaram:
Sannunku. Ni tambayata ta gefe ce. Ɗanyen manmu na wannan yanki ai mai ƙarancin farar wuta ne, na Agadem da ake tacewa a matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011 haka, Bonny Light na Najeriya ma bai kai kashi 0.2 cikin ɗari ba. To duk wannan wahalar ta mece ce? Ba matsalar masu man Gabas ta Tsakiya ba ce?

Bakatsine_a_Jubail:
Ɗan uwa yi lissafi. Kashi 0.15 cikin ɗari shi ne 1,500 cikin miliyan. ECOWAS ta amince a 2020 cewa man da za a shigo da shi kada ya wuce 50 cikin miliyan. Turai tana kan 10 tun 2009, Amurka 15 tun 2006. Ko mai daɗin ɗanyen mai sai ya wanke. Kuma na ƙarshen da ke saura su ne masu dogaran nan da Malam ya faɗa. Sannan ƙarancin farar wuta ba ya nufin ƙarancin naitirojin, abu biyu ne daban, kowane ɗanyen mai sai an auna shi.

Tanka_Mariri:
Ai mun ga rigimar da aka yi a 2024 kan farar wutar gas ɗin matatar Dangote da na 'yan shigo da kaya, har 'yan majalisa suka je Legas aka auna a gabansu. Da can wa ya taɓa jin ana wannan maganar a rediyo?

Admin_Zaure:
Jama'a a bar siyasar mai, akwai zaurenta daban. A koma kan tambayar ɗaliba.

Sarkin_Musu:
To na koma. In riƙo mai sassauci ake nema, me ya hana a yi amfani da gawayi? An nuna tun shekarun 1980 a Holan cewa katalis kan gawayi ya fi na alumina kuzari. Ko silikar nan mai ramuka a jere, MCM-41 da Mobil ta fitar a 1992, da SBA-15 ta 1998, masu filin da ya kai murabba'in mita 700 zuwa 1,000 a giram ɗaya. Shekara talatin ana rubuta takardu a kansu, har yau alumina ce a tukunya. Ko dai kamfanoni ne ba sa son canji, ko kuma duk maganar mazaunin nan ta masu neman digiri ce.

Baba_Matata:
Sarki, zo in ba ka labari. Wata shekara aka kawo mana sabon katalis, 'yan sanduna kamar taliyar da aka kakkarya, kaurinsu bai wuce milimita ɗaya da rabi ba, in ka duba bakinsu kamar ganye mai kunne uku. Masu lodi suna sauri don a tashi aiki, suka riƙa sako shi daga sama ba tare da sun sauke bututun zane ƙasa sosai ba. Ya karye ya yi gari. Wata huɗu da tayarwa matsin da ke tsakanin saman tukunya da ƙasanta ya haura, har muka kashe sashen muka kwashe saman gadon. Katalis ɗin lafiyarsa ƙalau ta fuskar kimiyya, mu ne dai ba mu samu mai ba na kwana goma sha.

Wannan alumina ce fa, mai ƙarfin jiki. Yanzu ka kawo mini abin da ya fi ta taushi, ka ɗora masa gado mai tsayin mita goma, mai da iska suna dukansa dare da rana. Gawayi kuma, in ƙanzo ya rufe katalis ƙona shi ake yi da iska a dawo da shi aiki. Ka ƙona ƙanzo a kan gawayi, me zai saura? Ga rashin nauyi, mu kuwa da girman tukunya ake auna mu, ba da giram ba. Abin da ya yi zarra a kowane giram yana iya zama na baya a kowace mita ta tukunya. Silikar taka bangon ramukanta ba ya son tururi, ga tsada. Alumina ba ta zo ta ɗaya a komai ba, amma ana iya murza ta a fitar da kowace siffa, a buɗa ramukanta yadda ake so, ƙanana don gas, manya don mai nauyi mai ɗauke da banadiyam, kuma a ƙona ta a sake amfani da ita.

Malam_Kwalba:
Sai dai Baba, kada Sarki ya ɗauka ya ci. Aluminar da ke tukunya yau ba ita ce ta 1980 ba. An yi mata fosfaras, an yi mata silika kaɗan, an gyara ramuka, an sassauta riƙo. Darasin da aka koya daga gawayi shi ne aka dawo da shi kanta. Binciken bai tafi a banza ba.

Sarkin_Musu:
Ban ce na ci ba, amma har yanzu ba wanda ya amsa mini NEBULA da kyau. Kuɗi Baba ya ce, ba kimiyya ba.

'YarƘanƙara:
Ni kuma tunda ana maganar alumina da ziyolait, a ABU Zariya an daɗe ana fitar da su biyun daga farar ƙasar garinmu Ƙanƙara. Ummi, me zai hana ki gwada ta gida a matsayin mazauni na huɗu?

Hajiyar_Lab:
Shawara mai kyau, amma ta auna sodiyam da baƙin ƙarfen da suka saura a ciki kafin ta ɗora komai. Sodiyam kaɗan ya isa ya kashe asid ɗin, sai ta zo tana kwatanta abin da ba shi take zato ba. Kuma Ummi, kwinolin kaɗai bai isa ba. Ki sa kabazol ma, shi ba kishiyar asid ba ne a farko, amma yana da taurin kai, kuma in an fara cika zobensa yakan rikiɗe ya zama mai mannewa. In da hali ki roƙi lita ɗaya ta man gas da ba a wanke ba, ki bar gwajin ya yi kwanaki, ba awa shida ba. Mai ziyolait yakan yi kyau ranar farko.

Ummi_Kemistiri:
Na rubuta duka. Zan rage ziyolait ɗin zuwa rabi in ga ko akwai inda zai tura metil ba tare da ya zama tarkon kwinolin ba, in ƙara kabazol, in kuma gwada jera na titaniya a sama mai ziyolait a ƙasa kamar yadda Yaya na Jubail ya ce. Matsalata yanzu na'urar auna asid da amoniya, tamu ta lalace tun bara. Akwai wanda ya san inda take aiki tsakanin Kano da Zariya?

MaiGyaranJanareta:
In matsalar ta wuta ce ko hita, a kawo in duba.